Na'urar karatu mai kala ko mai baƙi da fari: wacce zan sa a taho mini da ita?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Ƙanena yana Gwanzu ta ƙasar Caina sarin kaya, saura kwana tara ya taso, ina so in ba shi saƙon na'urar karatun nan mai fuska kamar takarda, wadda ake cewa ba ta da ƙyallin waya. Yarinyata shekararta goma sha uku, tana hadda, ta kai izu arba'in. Da daddare da wayar mahaifiyarta take muraja'a, a manhajar da ke da tajwidi mai kala. Kwanan nan sai in ga tana murza ido, da safe kuma idon ya yi ja. Ga saƙonni suna ta shigowa tana tsaka da karatu. Ni ma ina da littattafan tarihi da na fiƙihu jibge a waya, na kasa karanta su. Na ji akwai mai baƙi da fari, akwai mai kala, kuma mai kalar ta fi tsada. Wanda ya taɓa riƙe mai kalar a hannunsa ya taimaka ya gaya mini gaskiyarta.

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun Hafsa. Injiniya, Maman Walid, ku ne kuka san kan abin nan, bismillah.

Ɗan Fagge:
Alhaji, kafin a yi nisa, ka san kuɗinta? Da kuɗin ƙarama ɗaya sai ka sayi tab mai kyau a Farm Centre ka haɗa da fawa banki, har canji ya rage. Kuma tab ɗin za ta yi bidiyo, ta yi komai. Ita wannan karatu kawai take yi.

Baban Hafsa:
Ai karatun kawai nake so ta yi, ɗan'uwa. Komai ɗin da wayar take yi shi ne ya dame ni.

Injiniya:
Bari in fara da yadda abin yake aiki, don duk alherinta da duk matsalarta daga nan suka taso.

Gilashin waya fitila ce a bayansa tana hasko idonka. Ita wannan ba haka take ba. A cikin fuskarta akwai ƙananan ƙwayoyi birjik, kowacce da garin tawada baƙi da fari a ciki. Idan aka ɗan ba su wuta sai baƙin ya taso sama ko farin ya taso, rubutu ya fito. Da zarar ya fito ya zauna ke nan, ko ka cire batir shafin yana nan. Shi ya sa ba ta cin caji sai lokacin juya shafi, shi ya sa kuma a tsakiyar rana ta fi fitowa tar, daidai lokacin da waya take gagarar kallo. Kamfanin E Ink da ke Taiwan ne yake yin kusan duk gilasan, su Amazon da Kobo da Boox da PocketBook a wurinsa suke saye.

To mai kala, yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu samfurin gilashin da ake kira Kaleido 3 ne da su. Wannan baƙi da farin ne dai a ƙasa, sai aka shimfiɗa masa wani siririn mayafi mai ƙananan tagogi ja da kore da shuɗi. Ka ɗauka ragar sauro ce a taga. Haske sai ya ratsa mayafin ya shiga, ya sake ratsa shi ya fito kafin ya iso idonka, to a hanya rabonsa ya ragu. Sakamakon abu uku ne. Farin shafin ya fi na mai baƙi da fari duhu. Rubutun baƙi yana da ɗigo 300 a kowane inci, amma abin da yake da kala ɗigo 150 ne, rabi ke nan. Kalolin kuma 4,096 ne kacal, alhali wayar da ke hannunka tana nuna sama da miliyan 16.

Maman Walid:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, ni shaida ce. Ina da mai kala mai inci bakwai, shekara guda ke nan da 'yan watanni, kafin ita kuma na yi shekara huɗu da mai baƙi da fari. Ba zan kama sunan kamfani ba tunda gilashin duk daga wuri ɗaya yake.

Ranar da na buɗe kwalinta raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ajiye ta kusa da tsohuwar a kan tabarma, fitilunsu duka a kashe. Tsohuwar kamar farar takarda, sabuwar kamar jaridar da ta kwana biyu a kan tebur. Idan ka matso da ita kusa da ido za ka ga wani ɗan yashi-yashi a kan farin, shi ne mayafin da yake faɗa. Kalar kuma ba irin ta hoton talla ba ce. Kamar atamfar da ta sha wanki take, ja yana nan a ja, amma ya kwanta.

Sai da na yi kamar sati biyu idona ya saba. Yanzu ita nake ɗauka kullum, saboda ina koyar da 'yan firamare, littattafansu duk zane ne da taswira, kuma ina ja wa layi da kala daban-daban in ina shirya darasi. Amma in labari zan karanta zalla, har gobe tsohuwar ta fi mini daɗin ido.

Baban Hafsa:
Hajiya na gode. Wannan duhun da kike faɗa, ya kai a ce ba a iya karatu a ɗaki?

Maman Walid:
Ya danganta da ɗakin, Alhaji. A tsakar gida ko a baranda ba na kunna fitilarta ko kaɗan. A falona da ke da manyan tagogi ina ɗan ɗaga ta. Amma in na je gidanmu cikin gari, ɗakin Hajiyarmu taga ɗaya ce ƙarama can sama, ko da azahar sai na kunna sosai. Tsohuwar a wannan ɗakin tana karantuwa haka nan. Ku da kuke Gwale ka duba ɗakin da yarinyar take zama.

Ɗan Fagge:
To in dai sai an kunna fitila, ina bambancinta da waya? An dawo gidan jiya ke nan.

Injiniya:
Akwai bambanci. Fitilunta a gefe suke, haskensu a kan shafin yake kwanciya kamar ka haska littafi da tocila, ba daga baya yake harbo ido ba. Kuma ana iya mayar da shi ruwan ɗorawa da daddare. Amma maganarka tana da ƙamshin gaskiya ta wajen batir. Fitilar ita ce mai cin caji. Ko a lissafin Amazon da kansu, Kindle Paperwhite mai baƙi da fari sati 12 suka ce tana kaiwa, Colorsoft mai kala sati 8, kuma wannan lissafin na mai karatun rabin awa ne a rana, intanet a kashe, fitila ƙasa-ƙasa. Mai hadda da zai yi awa biyu ko uku kullum ya san ba zai ga sati takwas ba. Duk da haka a unguwar da ake kwana biyu ba a kawo wuta ba, abin da zai kai sati ko fiye a caji ɗaya ba abin rainawa ba ne.

Malam na Dala:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta. Baban Hafsa, ni tambayata ɗaya ce. Mus'hafin tajwidi mai kala na takarda yana nan a Kurmi, yana nan a shagunan littattafai na Sabon Gari. Kalarsa ba ta kwanta ba, ba ya son caji, in ya faɗi ba ya fashewa. Da fitilar sola ƙarama an gama magana. Me ya sa za a tsallake shi a tafi Caina?

Baban Hafsa:
Allah ya gafarta Malam, tana da shi. Nata ya tsufa ne, bangon ya cire, wasu shafukan sun fara fita. Kuma a makaranta ana ba su wasu littattafan a PDF, na hadisi da na Larabci, ga na boko. Na yi tunanin in haɗa mata su wuri ɗaya.

Malam na Dala:
To a raba maganar biyu. Littattafan makaranta daban, hadda daban. Shekarata talatin da wani abu ina zaune da masu hadda, abin da na gani shi ne yaro ba da kunne kaɗai yake riƙewa ba, har da hoton shafin. Ya san ayar nan a saman shafin dama take, waccan a ƙarshen na hagu. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, layi goma sha biyar a shafi, kowane shafi da aya yake ƙarewa. Wanda ya fara da shi ba a so ya canza. Manhajar da take ƙara girman rubutu ta tura layi gaba, ta ɓata wa yaro wannan hoton. Na ga yarinyar da ta kai izu hamsin ta rikice saboda haka, sai da muka koma baya wata uku.

Na biyu, tajwidi daga bakin malami ake ɗaukarsa. Kala taimako ce. Yaron da ya dogara da ita, ranar da aka miƙa masa mus'hafi marar kala a musabaƙa sai ka ji gunnarsa ta gudu.

Maman Walid:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Maganar hoton shafi na karɓa ɗari bisa ɗari. Amma ta kala ina da ɗan abin cewa, a yi mini afuwa. Alƙur'anin kakanmu rubutun hannu yana nan a gafakarsa a gidanmu. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya. Mu nan Kano mun daɗe da sanin kala tana taimakon mai karatu, tun kafin a zo da injin buga littafi. Ban ga laifin yarinya ta ci gaba da abin da ta saba da shi ba.

Malam na Dala:
Kin yi gaskiya 'yata, da irinsa na yi karatu, da irinsa na yi satu. Ban ce kala laifi ba ce. Amma jan da alaramma ya dama da hannunsa ja ne sosai, ba ya rikicewa da komai. Shi kuwa mus'hafin tajwidi mai kala bugun Sham da yaran nan suke riƙewa, jan da ke cikinsa ba ɗaya ba ne. Maddin da ake ja haraka shida da nasa jan mai duhu, na huɗu ko biyar da nasa, wanda ya halatta a ja biyu ko huɗu ko shida da nasa mai kama da ruwan lemo, na haraka biyu da nasa. Sannan kore na gunna, toka-toka na harafin da ba a furtawa, shuɗi iri biyu, na ƙalƙala da na kaurarawa. Ke da kanki kin ce kalar na'urar ta kwanta kamar atamfar da ta sha wanki. To waɗannan jajayen za su rabu a kanta? In ba za su rabu ba, gara babu kalar, domin kalar da za ta nuna wa yaro shida a inda yake huɗu ta fi rashinta illa.

Maman Walid:
Wallahi Malam ban taɓa lura da wannan ba. Ku ba ni zuwa gobe, zan saka shafin in gwada da rana da kuma dare.

Ɗalibin Likitanci:
Kafin Anti ta dawo bari in faɗi nawa. Tawa babba ce, inci 10.3, mai Android, da alƙalami. Ina aji huɗu. A zanen sassan jiki jijiyar da ke fita da jini daga zuciya ja ake yi mata, mai komowa da shi shuɗi, jijiyar saƙo rawaya. A mai baƙi da fari duk toka ne, sai ka yi ta bin layi da yatsa. A mai kala kallo ɗaya na gane. Nan kam ta biya ni kuɗina. Amma hotunan tsokar da ake rinawa a duba a madubin ƙara girma, waɗanda duk bambancinsu tsakanin ruwan hoda ne da shunayya, ba na yarda da ita ko kaɗan, sai na koma kwamfuta. Abin da na fahimta shi ne in kalolin sun yi nesa da juna tana raba su lafiya, in 'yan gida ɗaya ne sai ta haɗe su. Ina jin abin da Malam yake tsoro ke nan.

Sai maganar girma. Mai inci bakwai fuskarta wajen santimita 14 ce a tsaye, 10 da ɗoriya a kwance. Littafin PDF da aka tsara a babbar takarda in ka saka shi a nan rubutun ya zama ƙwayar gero, kuma jawo shafi a ƙara masa girma a irin wannan gilashin akwai jinkiri. Mai 10.3 ta kusa rabin takardar A4. In don PDF ne, Baba, kada ka sayi ƙarama.

Injiniya:
Ka faɗa masa batirin taka kuma.

Ɗalibin Likitanci:
Kwana uku zuwa huɗu in ina rubutu da ita a aji. In na bar intanet a kunne ba ta kaiwa.

Injiniya:
Ka ji ko. Masu Android kwanaki suke yi, ba makonni ba, domin ƙaramar kwamfuta ce sosai. Kuma tunda tana da Play Store, duk abin da yake shiga waya zai shiga cikinta. Alhaji da yake gudun saƙonni ya san da wannan.

Ɗalibin Likitanci:
Haka ne, amma Yaya ka gwada kallon bidiyo a kanta ka gani. Hoton yana jan ƙafa, yana barin inuwa, minti biyu ka gaji. Ni na saka manhajojin zumunta a satin farko, da kaina na goge su. Ita kanta na'urar ba ta ba ka sha'awar yawo.

Baban Hafsa:
Wace inuwa ke nan?

Injiniya:
In ka juya shafi wani lokaci ragowar shafin baya yana ɗan zama dishi-dishi a ƙarƙashin sabon, kamar allon da ba a wanke sosai ba. A wurin da yake da kala ya fi fitowa. Maganinsa na'urar ta yi ƙifta, fuskar ta yi baƙi ta dawo, sai ta goge tas. Ana iya saita ta ta riƙa yin haka a kowane shafi. Ga mus'hafi ni haka zan saita, don kada inuwar wasali ta zauna a inda ba wasali.

Anti Marubuciya:
Ni ta wani ɓangaren zan shigo. Masu karanta littattafanmu na Hausa da suke tambayata, kullum ina ce musu kala ba ta da aikin yi a labari. Bango ne kawai zai fito da kyau, shi ma sau ɗaya za ki kalle shi. Abin da ya kamata a duba shi ne ƙ da ɗ da ɓ. Wasu salon rubutun da ke zuwa a cikin na'urorin ba su da su, sai ki ga ɗan akwati a tsakiyar kalma ko harafin ya fita daban da 'yan'uwansa. Ana gyarawa, a canza salon rubutun ko a saka wani ta kwamfuta. Kuma don Allah in an sayi na'urar a sayi littafin ma daga hannun mai shi, a daina tura wahalar mutane kyauta a zaure-zaure.

Sista:
Baban Hafsa, a sashen ido nake aiki, kuma tun farkon bayaninka abu ɗaya ya tsaya mini. Yarinya tana murza ido, yana ja da safe. Kafin a sayi komai a kai ta a auna idon. Yara da yawa a shekarunta suna buƙatar tabarau ba a sani ba, wasu kuma ƙaiƙayin ƙura ne, musamman da hunturu. In ɗayan biyun ne, ko takarda ta koma ba zai daina ba. Kallon gilashi yana rage ƙifta ido, ga ƙaramin rubutu, ga kusanto da shi fuska a cikin duhu, duk suna gajiyar da ido. Na'urar za ta iya rage wani abu, amma ba magani ba ce. Ta riƙa ɗaga kai duk bayan minti ashirin ta kalli nesa na ɗan lokaci, kuma a kunna fitila a ɗakin, kada ta yi karatu a duhu da hasken na'ura kaɗai.

Baban Hafsa:
Sista, Allah ya saka da alheri. Wallahi hankalina bai kai nan ba, na ɗora wa wayar laifin duka. Jibi in sha Allah mahaifiyarta za ta kai ta.

Ɗan Fagge:
Har yanzu ba wanda ya faɗi kuɗi.

Injiniya:
Farashin da suka fito da shi a 2024 nake riƙe da shi. Kobo Clara Colour mai inci shida dala 150, Kobo Libra Colour mai inci bakwai dala 220, Kindle Colorsoft dala 280. Manyan masu inci goma sun kai wajen dala 500. Ka tambayi canjin yau a Wapa ka lissafa.

Akwai kuma wani samfurin gilashin daban, Gallery 3, wanda ba mayafi a kansa, garin tawadar ne da kansa yake da kala huɗu. Irinsa aka gina reMarkable Paper Pro a kai, mai inci 11.8, dala 579 ta fito. Kalarta ta fi kama jiki, amma ta fi jinkiri, shafi mai kala sai ya yi ƙifce-ƙifce kafin ya zauna, kuma an fi yin ta don rubutu da alƙalami. Ba a saka mata manhajojin waya.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai gyara ba farashin ba ne. Gilashin ne. Siriri ne ƙwarai, kuma a ciki yake fashewa. Wata uku da suka wuce wani bawan Allah ya kawo mini tasa, a jaka ya saka ta tare da caja ya shiga adaidaita sahu, aka matse shi. Waje lafiya lau ko ƙwarzane babu, amma rabin shafin ya daskare da layuka. Na tambayi duk wanda na sani a kasuwa, ba mai ajiye irin gilashin, kuma ba laifinsu ba ne, abin da ba a nema ba a sarowa. Da muka lissafa kuɗin odarsa da na kawowa ya kusa na sabuwa. Haka ya tafi da ita a hannu. Ko lokacin da Colorsoft ta fito a ƙarshen 2024 masu saye sun yi ƙorafin wani rawayan zirin haske a ƙasan fuskar, Amazon ya amsa ya ce zai canza ko ya mayar da kuɗi. Wanda yake Amurka wannan abu ne mai sauƙi a wurinsa. Kai da kake Kano, wa za ka mayar wa? Don haka duk wadda za a saya a buɗe ta a can a duba, a haɗo da murfi mai tauri, kuma kada a bar ta a mota a zafin watan Afrilu.

Maman Walid:
Assalamu alaikum, an tashi lafiya? Na yi gwajin, har na kira Walid ya zama idona na biyu tunda shi ma da bugun Sham yake karatu.

Fatiha na buɗe, domin a kalmar ƙarshe, waladdallin, maddi biyu ne a jere, mai haraka shida da kuma na tsayawa. Na ajiye mus'hafin takarda a gefe. Da hantsi a tsakar gida, fitila a kashe, kore ya fito sarai, shuɗin ma haka. Jajayen biyu na raba su, amma don na san suna nan ne. Ɗaya ya yi kamar jan ƙasa, ɗayan ya ɗan fi shi haske. A takarda kuwa tun daga nesa ka san ba ɗaya ba ne. Da na wuce cikin Baƙara inda mai haraka shida da mai huɗu ko biyar suke, Walid sau biyu yana cewa wannan wanne ne, sai da muka ƙara girman shafin. Toka-tokan harafin da ba a furtawa shi ya fi ba ni wahala, ya kusa narkewa a cikin farin shafin tunda farin ma da ɗan duhunsa. Ƙananan alamomin tsayawa da suke da baƙi sun fito tsaf.

Da daddare na ɗaga fitilar sama da rabi, na kuma ƙara ƙarfin kala a saiti. Ya fi na rana rabuwa, sai dai da na mayar da hasken ruwan ɗorawa don ido, jajayen suka sake matsowa kusa da juna. Malam, tsoronka yana kan hanya. A mai inci bakwai ba zan ba yaron da bai gama ƙwarewa ba ya dogara da kalar maddi.

Malam na Dala:
Allah ya yi miki albarka, ya raya Walid. Kin yi aikin da ya fi doguwar gardama.

Ɗalibin Likitanci:
Na gwada a tawa bayan na ga saƙon Anti. A babbar haruffan sun fi girma, don haka jajayen sun fi rabuwa, ba sai na ƙara girman shafi ba. Amma toka-tokan nan haka yake a nan ma. Shafin dai yana zama cif yadda yake a mus'hafi, layi goma sha biyar, in PDF ne.

Ɗan Fagge:
To ni dai a nawa ganin mai baƙi da fari ta ci. Ta fi araha, ta fi haske, ta fi riƙe caji.

Maman Walid:
Ga mai karanta tarihi da fiƙihu irin Alhaji, ƙwarai. Ga Hafsa ban yarda ba. Littafin kimiyyarta da taswirorinta fa? Walid da tsohuwar ba ya taɓa buɗe littafin zane, da sabuwar har sai na karɓe. Ni da za a ce in mayar da tawa a ba ni kuɗina ba zan bayar ba, duk da abin da na faɗa a kanta.

Baban Hafsa:
Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya. Gobe asibitin ido. Ranar Asabar zan shiga Kurmi in sayo mata sabon mus'hafi irin nata sak, hadda ta zauna a takarda kamar yadda Malam ya ce, in ƙara da fitilar sola. Na'urar kuma ta littattafan makaranta ce da nawa, kuma tunda yawancinsu PDF ne, babbar nake tunani. Tsakanin mai kala da marar kala ne har yanzu zuciyata take rawa, don ni zan fi son farin shafi, ita kuma zanen zai yi mata amfani. Hajiya Maman Walid, in ba takura, ko mahaifiyarta za ta kawo ta ta ga taki da idonta kafin in kira ƙanen nawa?

Maman Walid:
Ba komai wallahi, su zo ranar Lahadi bayan la'asar, zan tura mata kwatance ta waya. Su taho da littafin da ta fi wahala da shi a PDF mu saka mu gani, kuma zan fito da tsohuwar a jera su.

Injiniya:
In babbar mai Android aka tsayar, ka ce masa ya tabbatar samfurin ƙasashen waje ce, ba wadda aka yi don kasuwar cikin Caina ba. Ya kunna ta a shagon ya ga akwai Play Store, ya buɗe farin shafi ya ɗaga fitila ya duba gefe-gefe ko akwai tabo. Ya haɗo da ƙarin bakin alƙalami, suna cinyewa kuma ba a samunsu a nan. Kuma a jakar hannu zai riƙo ta, kada ta shiga cikin dilar kaya.